Jan Fitsarin Innata Ba Tsargiya Ba Ne

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka yi haƙuri da maganar da na kawo, da kunya nake rubuta ta.

Innata tana shan maganin tarin fuka. Da ta fara sha, sai fitsarinta ya koma ja. Baba ya ce tsargiya ce ta ɗauko a magudanar ruwan Bakolori inda take wanki, kuma maganin yana ƙara mata. Ya ce a daina.

Ni na lura jan yana zuwa da hantsi bayan ta sha, washegari da safe ya dushe. Na raka ta asibitin Mafara. Malamin asibiti ya tsoma wata 'yar takarda a fitsarin, ya ce, “Babu jini, Inna. Launin maganin ne ke fita.” Ya ce kamar ɗauraye ƙwaryar shuni ne, duk 'yan awoyi rabin maganin da ke jiki yana fita. A babban asibiti jini suke ɗiba lokaci-lokaci su auna sauran maganin. Fitar da yake yi ce ta sa ake sha kullum.

Baba ya ce, “Ke mi kika sani?” Shi ya sa na rubuto maka.

Malam, Baba ba ya barin shirinka ya wuce shi. Don Allah ka gaya masa ya bar Inna ta ƙarasa maganinta. Daga bakinka zai yarda.

Ina gaida ƙawata Saratu ta Kaya.

Taku, Hadiza, daga Damri.