Gwaji Bakwai Bai Wanke Sunana Ba

Iyayena da 'yan'uwana mata, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ni ce Rifkatu, Maman Dauda, daga Tsafe. Da girmana na koyi rubutu, a ajin yaƙi da jahilci, sai ku yi haƙuri da hannuna. Tun da mu mata ne, zan faɗi abin yadda yake.

Maigidana ya tafi aikin gadi kudu. Yana da wata huɗu da tafiya, al'adata ta ɗauke. Wata ya wuce, na biyu ya bi shi. Na sayo tsinken gwajin ciki a kemis, na ga layi ɗaya, wato babu ciki. Na san ban san wani namiji ba, amma tsoro bai bar ni ba. Yayata ta Bungudu ta ce, "Ƙila kwantaccen ciki ne, tun na mijinki. Gwaji ba ya ganin irin wannan." Daga ranar na fara jin kamar motsi a marata.

Mutum ɗaya na gaya wa a Tsafe, ƙawata da zan kira Asabe. Benci ɗaya muke zama a zumuntar mata, ni ina buga tulu, ita tana ba da waƙa.

Kafin sati biyu, magana ta zagaye ikilisiya. Ran Alhamis na zo zan ɗauki tuluna, uwar zumunta ta dafa shi ta ce, "Maman Dauda, ki ɗan huta tukuna har a ga yadda jikin zai yi." Asabe ta kalli zanena ta ce, "Ai hutu ya kama ta, ga shi har ta fara cika." Aka yi dariya. Na bar musu tulun.

Na sake gwaji a gaban uwar zumunta. Layi ɗaya. Asabe ta ce, "Wanga abu na kemis? Ko ruwan rijiya aka tsoma shi haka zai nuna." Sau bakwai na gwada, 'yan'uwa, sau bakwai! Kowanne na naɗe shi a leda na ajiye a gwangwani. Har wani ya buga wa maigidana waya. Ya kira ni ya ce, "Rifkatu, gaya mini gaskiya." Shekara ashirin da aure, wai in gaya mishi gaskiya!

Na tafi asibiti a Gusau aka yi mini hoton ciki. Likita ta juyo da allon ta ce, "Mama, duba da kanki, babu kowa a nan. Shekaru ne suka fara zuwa, ga damuwa. Motsin da kike ji iska ce." Na kai takardar asibitin zumunta aka karanta. Aka mayar mini da tulu, amma ba wadda ta ce yi haƙuri. A kasuwa kuma cewa aka yi na je Gusau an zubar.

A nan na koyi wani mugun karatu: in an jefa wa mace wannan magana, ko gwaji ya wanke ta, bakin mutane ba ya wankewa.

Sai ga auren Hannatu, ɗiyar Asabe. Kun san yadda ake yi, Lahadi uku fasto yana sanarwa, yana tambaya ko akwai mai dalilin da zai hana. Na ce a raina, Allah ya kawo ni. Ba zan yi ƙarya mai yawa ba. Zan miƙe kawai in ce, "Baba Fasto, a gwada yarinyar nan." Shi ke nan. Na san layi ɗaya za a gani, don Hannatu yarinya ce mai kamun kai. Na kuma san ba zai wanke ta ba. So nake Asabe ta ɗanɗana, ta riƙa yawo da takarda tana nuna wa mutanen da ba sa son gani.

Na bar Lahadi ta farko ta wuce, na bar ta biyu. So nake sai an gama ɗinkin anko, dangin ango sun iso. Ina shara ina maimaita maganar, ina daka ina maimaitawa. Dauda ya ce, "Mama, kwanan nan kina yawan murmushi." Bai san abin da nake dafawa ba.

Lahadi ta uku fasto ya yi tambaya. Na dafa bencin gabana, har na ɗaga. Sai Hannatu ta waiwayo daga cikin mawaƙa ta yi mini murmushi, irin na yarinyar da na goya tana zazzaɓi. Na koma na zauna. Na sunkuya na ce, "Yesu, ka riƙe bakina, ni ba zan iya riƙe shi ba. Ka ga abin da aka yi mini. Na bar maka shari'ar, amma don Allah kada ka manta da ita." Ban ɗago ba sai da na ji an shiga waƙa.

Ba zan ce muku zuciyata ta yi fari tas ba. Har yau Asabe ba ta nemi gafarata ba, kuma in na gan ta sai na sake yin addu'ar nan. Da maigidana ya dawo, na juye mishi gwangwanin a tabarma na ce, "Ga gaskiyar da ka tambaya, ƙirga." Ya kasa ɗaga ido.

Ranar auren ni na buga tulu. Na buga shi har tafina ya kumbura, idona a kan uwar amarya. Ta fara ba da waƙa, muka haɗa ido, muryarta ta sarƙe, sai wata ta karɓa. Hannatu kuwa ta shiga ɗakinta da sunanta cikakke.

Na gode wa Yesu da ya warkar da tsorona, ya kuma hana ni zama abin da aka yi mini. 'Yar'uwa, in watanki ya ɓata, je ki asibiti a duba ki, kada ki zauna da zullumi. In kuma an ɓata miki suna, ki kai ƙara wurin wanda ba ya mantuwa, ki dogara gare shi. Shi ya riƙe bakina, zai riƙe naki. Amin!