Motar da Ba Ta Tsayawa a Bande

Maiwada direba maha'inci ne, kuma bakinsa ne ya tona shi. A tashar Magariya aka yi. Motarsa ta kusa cika da masu zuwa Damagaram, sai wata mata, Turai, ta iso tana jan sandar mahaifinta makaho.

"Malam direba, a Bande za ka sauke mu."

"Ba na tsayawa a Bande, baiwar Allah. Zan dai rage gudu ku dira."

"Mu dira? Da wannan tsohon? Ko buhun gyaɗa ai a hankali ake sauke shi."

"Kin cika ƙorafi. Jiya ma wata ta dira da goyo, gurɗewa kaɗai ta yi."

"To birki ne babu?"

"Birkina lafiya lau! Ambireyaj, wato kuloci, shi ne ya mutu, in na taka shi kamar na taka tsumma. Da na tsaya, bitas, giyar nan, ba ya shiga, sai kukan ƙarfe, sai an tara ƙarti sun tura."

"Ashe ka san ciwonta. Me ya hana ka kai ta gareji?"

"In bar lodi ranar kasuwa? Ke za ki ci da gidana?"

"In yaro ya gifta hanya fa?"

"Yaro ai yana da ƙafa."

Turai ta leƙa cikin motar. "Bayin Allah, kun ji da kunnenku. Ba zan gusa ba sai na ga kowa a ƙasa."

Fasinja suka sauko da kayansu. Sarkin tasha ya karɓe makullin, ya haramta wa Maiwada lodi a Magariya.