Cinikin Fili a Bencin Asibiti

A bencin asibiti wata uwa na rungume da ɗanta, takardar filinta a hannu. Wani dillali ya matso.

"Baiwar Allah, sayarwa za ki yi? Wane aiki za a yi wa yaron?"

"Tiyatar ciki. Ina ruwanka?"

"Na saya, daidai kuɗin tiyatar."

"Malam, ko girman filin ba ka tambaya ba! Ya ninka haka sau uku!"

"Shekara shida ina zaman bencin nan, ban ga wanda ya jira mai saye na biyu ba."

"Au, ciwon 'ya'yan mutane ne kasuwarka? Ka ji tsoron Allah!"

Yaron ya yi nishi, jikinsa zafi rau.

"Allah ya isa," ta ce. "Ina zan sa hannu?"