Baƙin Zanen da Yarinya Ta Gaisar

A ɗakin baje kolin zane-zane, wata mata riƙe da hannun 'yarta ta tare mai zanen.

"Baiwar Allah, ke kika yi wancan baƙin?"

"Ni ce. Launi ne kawai, ba hoton kowa ba."

"To 'yata ta gaishe shi, ta ce Baba. Tun gobarar da ta kashe mijina ba ta sake magana ba."

"Allah ya jiƙansa, ban san shi ba. Bara ne warin hayaƙi ya addabe ni a ɗakin aikina, sai da na zana wannan ya daina."

"Bara? Ai bana aka yi gobarar. Yanzu warin me kike ji?"

"Ba wari ba ne. Tun shigowarku nake jin ruwa har wuyana. Don Allah, kada yarinyar nan ta je kusa da kogi."