A Ajin Nan Hannu Ake Kallo

Assalamu alaikum.

Mai girma shugaban wannan taro, shugabar makaranta, malamanmu masu koyarwa ta intanet, 'yan kwamiti, iyaye 'yan'uwana maza da mata, da ku yara da ke can baya kuna ɗokin a tashi, ina gaishe ku baki ɗaya.

Ni ba mai zurfin karatu ba ce, ɗinki ne sana'ata, don haka a yi haƙuri da maganata yadda ta zo. Ni ce mahaifiyar yarinyar da 'yan ajin lissafi ke kira Bahaguwa, wadda Allah ya yi wa rasuwa bara. Ina godiya ga waɗanda suka zo mana gaisuwa, ina godiya ga waɗanda suka bugo waya, ina kuma godiya da aka ba ni dama kafin a yanke hukunci kan dokar da kwamiti ya kawo: cewa duk ɗalibin da ke ajin intanet dole ya nuna fuskarsa a kyamara daga farkon darasi har ƙarshe, in ya ƙi a cire shi.

Na farko, ban zo in ce 'yan kwamiti ba su da hujja ba. Ni ma uwa ce. Na san yaro zai kashe kyamara ya koma barci, na san wani yayansa ke yi masa aikin yana gefe yana wasa. Wannan gaskiya ne, kuma yana buƙatar gyara.

Na biyu, ajin nan ba na 'yan makaranta ne kaɗai ba. Akwai masu karatu a gida, kuma ba kowa ne ya zauna gida da son ransa ba. 'Yata ciwon ƙoda ne ya zaunar da ita. Fuskarta ta kumbura har ta sa na juya madubin ɗakin ya kalli bango. Ranar da ta fara shiga ajin, Malamin lissafi ya ce sabuwar ɗaliba ta buɗe kyamara a gaisa. Ta girgiza mini kai, ta ce, "Mama, kashe kawai, na fasa." Malam ya ji. Bai tambayi dalili ba. Cewa ya yi, "'Yata, ni ba fuska nake koyarwa ba. Juya wayar ta kalli takardarki." Sannan ya ce wa sauran, "Kowa ya juya tasa. A ajin nan hannu ake kallo."

Tun daga ranar, in ka leƙa ajin, hannaye za ka gani a kan takardu, wani da tabon biro, wani da cizon farce. Da hagu take rubutu, shi ya sa sunan ya bi ta. Ni kuma aikina riƙe waya. In tsaya a bakin gado, wayar na saman takarda, kafaɗata ta gaji, hoto ya yi ta rawa, sai ka ji Malam ya ce, "Mama, girgizar ƙasa ake yi a gidanku?"

Kuma a hannun yake kama su. Yana ganin biro ya tsaya a wajen ɗebewa, zai ce, "Bahaguwa, kin ari ɗaya daga maƙwabci, kin mance ba ki rage masa ba." Kafin amsa ta fito ya riga ya ga inda aka yi tuntuɓe. Wannan kuwa fuska ba ta nuna shi.

Da jiki ya yi nauyi, yatsunta suka daina riƙe biro. Sai muka yi musanya: ita ta ɗora wayar a kan matashi, ni in rubuta abin da take faɗa. Layi ɗaya na yi Malam ya ce, "Yau kuma hannun dama nake gani, har da zaren ɗinki a hannun riga. Na wane ne?" Ta ce, "Na Mama ne, Malam, amma kan nawa ne." Ya ce, "To, kai ya ci, amma a gaya wa hannu bakwai ɗinsa ta yi kama da ɗaya." Ta yi dariya har da tari. Rabon da in ji wannan dariya an daɗe. Ban kuma sake jin ta ba.

Ku lura, 'yan kwamiti: hannu ya canza, nan take malami ya gane. In satar amsa kuke tsoro, hannu ba ya ɓoyuwa.

Na uku, roƙona. Ku kafa dokar, amma ku ce fuska ko hannu. 'Yata ba ta buƙatar komai daga gare ku yanzu sai addu'a. Sai dai na san a ajin nan yau akwai hannun da mai shi bai shirya nuna fuska ba, kuma uwarsa tana cikin ɗakin nan, ba za ta iya miƙewa ta yi magana ba. Na san yadda hakan yake. In kafaɗarta ta gaji, ta neme ni, na iya riƙon waya.

An ce in na zauna za a yanke hukunci ta hanyar ɗaga hannu. To, shugaba zai duba hannayenku, kuma zai yarda da su.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana waɗannan yara, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.