Takardar Haihuwar Mariama

Baba: Alo? Alo, Kubra?

Kubra: Na'am, Baba. Ina wuninku?

Baba: Alo? Ke ce ko gwaggonki Lauratu?

Kubra: Ni ce, Baba. Ina jin ka. Kun wuni lahiya?

Baba: Tsaya in hau tudun nan, rezo ba shi zama cikin gari. Yauwa. Yanzu fa?

Kubra: Yanzu ya yi. Ina gajiya?

Baba: Ba gajiya. Ina mutanen Tasawa?

Kubra: Suna lahiya lau. Ina Inna? Ƙafar tata ta yi sauƙi?

Baba: Da sauƙi, tana takawa har rijiya. Ina gwaggon taki da maigidanta?

Kubra: Lahiya lau, ta tahi kasuwa. Ina ruwa wajenku?

Baba: Ruwa ya yi gyara. Shekaranjiya anka yi mai yawa, har Isawan ya kai. Gero ya fara hidda kai.

Kubra: Alhamdu lillahi. Ina su Kawu Sirajo?

Baba: Kowa lahiya. Kin bar kukan nan dai ko? Wancan mako da kinka kira, innarki ba ta ci tuwo ba.

Kubra: Na bari, Baba. Ai ni ma yanzu nake shirin kiran ka, kiredi ne ba ni da shi. Akwai labari mai daɗi a kan burs ɗin.

Baba: A kan mi?

Kubra: Burs. Kuɗin karatun da ƙungiyar nan ta Maraɗi ke ba waɗanda sunka ci bak, jarrabawar gama sakandare, da mansiyon, wato da sakamako mai kyau.

Baba: To, ai shi na kira ki a kai.

Kubra: Bari in faɗa maka tukuna. Ka tuna na ce ba su ɗaukar wanda ya wuce shekara ashirin da ɗaya, ni kuma takardar haihuwata ta ce ashirin da biyu?

Baba: Na tuna. Alhali sha tara gare ki, ko wata ɗaya ba ki ɗora ba.

Kubra: To, ran Litinin Madam Sa'adiya, wadda ke riƙe da dosiye ɗinmu, takardun neman burs ɗin, ta kira ni. Ta ce tunda ni ce ta ɗaya a lise ɗinmu, sakandaren da na gama, kuma shekara ɗaya ce tak ta hau, komite zai zauna ran Alhamis su ɗaga mini ƙafa. Ta ce an taɓa yi wa mutum biyu haka. Ta ce in yi shiru kawai, kar in taɓa komi.

Baba: Allah shi saka mata. Amma ba sai sun ɗaga miki ƙafa ba, Kubra. Ba ki buƙatar alfarmar kowa. Na gyara.

Kubra: Ka gyara mi?

Baba: Shekarun. Sau ukku na tahi Mayahi cikin makon ga. Na bar noma na biyu a tsaye, na hau kabu-kabu, ni da Sirajo da liman.

Kubra: Mayahi wajen wa?

Baba: Wajen masu takardu mana. Na je na faɗa musu gaskiya.

Kubra: Wace gaskiya? Ai kuskure ne anka yi wajen rubutu, haka ka ce mini tun ina firamare.

Baba: Haka na ce miki.

Kubra: Alo? Baba?

Baba: Ina nan. Ba kuskure ba ne. Takardar ba taki ba ce.

Kubra: Ban ji ba, layin na yankewa.

Baba: Na ce takardar haihuwar da kike karatu da ita, ba taki ba ce. Ta yayarki ce.

Kubra: Wace yayata? Larai? Wadda ta rasu kahin a haihe ni?

Baba: Ita.

Kubra: Baba, takardata Mariama ta ce. Mariama Ƙadri. Ka ce sunan lakwal ne, na makarantar boko, a gida Kubra, a lakwal Mariama.

Baba: Larai laƙabi ne, ran Laraba anka haihe ta. Sunanta na yanka shi ne wannan da kinka faɗa. Ta fari ce, kin san ba mu kiran sunanta, ni da innarki. Da ta rasu kuma sai kowa ya bar shi.

Kubra: Shekara goma sha ukku ana kiran sunan nan a aji ina amsawa.

Baba: Ki saurara ki ji yadda anka yi. Ita a likita anka haihe ta, a Mayahi, don naƙudar ta zo da wuya, shi ya sa sunka ba ta takarda. Ta rasu shekarar yunwa, tana da shekara biyu. Ke kuwa a ɗaki anka haihe ki, tsakiyar damina, wa zai tahi neman takarda? Da mushe, malamin boko, ya zo ɗaukar yara lakwal, ya ce sai mai takarda. Kina riƙe da rigata kina kuka sai kin bi ƙawayenki su Furera. Ga takarda kwance cikin gwangwani ba ta aikin komi. Na ɗauko na ba shi.

Kubra: Bai ce komi ba?

Baba: Ya dube ki, ya dubi takarda, ya ce wannan 'yar shekara taran ba ta cin abinci ne? Anka yi dariya, ya rubuta. Ba ni kaɗai na yi ba, Kubra. Rabin garin nan da takardar wani suke yawo.

Kubra: To. To, Baba. Wannan mu bar shi tukuna, kaina ba zai ɗauka ba yanzu. Mi ka ce musu a Mayahi?

Baba: Abin da na faɗa miki yanzu, ban rage ko kalma ba. Na ce mai takardar ga ta rasu, da hannuna na sa ta a rami. Wadda ke raye ƙanwarta ce, shekararta sha tara, a gyara mata don kar kuɗin karatu shi wuce ta.

Kubra: Sai sunka ce mi?

Baba: Wani mai tabarau ne a tebur. Ya ce yarinyar ta yi jarrabawa da takardar? Na ce jarrabawa ma? Bak ta ci, ita ce ta ɗaya a Tasawa. Sai ya aje biro, ya ce Malam Ƙadri, koma gida ka yi shawara.

Kubra: Ya ce ka koma gida.

Baba: Har sau biyu. Na ce a raina, na san irinku, ku ga talaka da rawani ku yi ta juya shi har shi gaji. Na ce ba inda za ni, ga shaiduna biyu, liman ne ya yi mata salla, Sirajo ne ya haƙa ramin. Sai ya girgiza kai ya rubuta. Na dangwala yatsa, su ma sunka dangwala.

Kubra: Wace takarda sunka ba ka?

Baba: Guda biyu. Ɗaya ta rasuwarta, da hatimi da komi. Ɗaya kuma bayanin da na yi. Taki ta haihuwa, sabuwa, da sunanki na gaskiya, sun ce in dawo bayan mako ukku.

Kubra: Ta rasuwar, wane suna ke kanta?

Baba: Sunanta mana.

Kubra: Faɗa mini, Baba.

Baba: Kin san ba ni…

Kubra: Don Allah.

Baba: Mariama Ƙadri.

Kubra: Sunan da ke kan bak ɗina ke nan. Shi ke kan birbe ɗina na ƙaramar sakandare, shi ke kan katin ɗan ƙasata, shi ke kan dosiye ɗin burs. Ranar haihuwa ɗaya, sunan uba ɗaya, sunan uwa ɗaya. Yau a wajen gwamnati wadda ta ci bak ta mutu tana da shekara biyu.

Baba: A'a, ai shi ya sa za a ba ki sabuwa. Sai su goge wancan suna su sa Kubra.

Kubra: Ba allo ba ne, Baba, ba a gogewa. Kubra ba ta taɓa shiga lakwal ba. Ko aji ɗaya ba ta yi ba. Ba ta da komi a rubuce.

Baba: Amma ke kinka zauna kinka rubuta. Kowa ya gan ki. Malamanki na nan da ransu.

Kubra: Sun ga yarinya ta shiga jarrabawa da takardar wata. Sunan abin magudi. Wanda anka kama da shi soke bak ɗin ake, wani lokaci har a hana shi sake zama.

Baba: Magudin mi? Wa kinka cuta? Kanki ne ya yi aikin.

Kubra: Ni na san haka, kai ka sani. Takarda ba ta sani ba. Saurara, Baba. Takardun nan biyu, ka naɗe su ka mayar cikin gwangwanin. Kar ka nuna wa kowa, ko maigari. Zan nemi wanda ya san doka a nan Tasawa in tambaye shi a ɓoye. In Alhamis ta wuce lahiya, sai mu san abin yi. Ka ji?

Baba: Takardun…

Kubra: Alo? Ka ji ni? Rezo ne?

Baba: Ba rezo ba ne.

Kubra: Suna ina?

Baba: Kin bar wasiƙar mutanen burs ɗin nan a ɗakin innarki, mai adireshi a sama. Na sa anka kwahe shi a bayan ambulan. Na sa takardun ciki na ba Muniru direba jiya da yamma, tunda kullum yana shiga Maraɗi.

Kubra: Ba ni lambar Muniru. Yanzu, Baba, tun bai kai ba.

Baba: Ya kai. Da hantsi ya kira ni. Ya ce wata mata ya ba a hannu, ta buɗe a gabanshi, ta buga hatimi ta sa cikin dosiye ɗinki. Ya ce har sau biyu ta karanta su.

Kubra: Madam Sa'adiya.

Baba: Ban san sunanta ba. Na so in ba ki mamaki ne. Na ce kahin ki ji, an gama.

Kubra: Ta kira ni ɗazu sau biyu ina wanki. Na ce in na samu kiredi zan kira ta. Na ɗauka albishir ne.

Baba: Ki kira ta ki yi mata bayani. Mace ce mai kirki, ke kinka faɗa.

Kubra: Kirkinta shekara ɗaya zai iya ɗagawa. Ba za ta iya kai wa komite sunan matacciya ta ce a biya mata karatun likita na shekara bakwai ba. In ta ɓoye, ita za a kora.

Baba: To a bar kuɗin nasu. Allah shi ba mu damina, in sai da shanun amalanke, ki tahi Yamai da kanki.

Kubra: Da wane bak?

Baba: Kubra.

Kubra: Na'am.

Baba: Kina kuka?

Kubra: A'a. Na zauna ne.

Baba: Ni na ɗauka gyara na yi. Shekara goma sha ukku abin nan na ci na. Duk ranar da kinka kawo sakamako, a karanta mini sunan, sai in tashi in bar wurin, ku ce ban damu da boko ba. Da kinka kira kina kuka, na ce to ga ranar ta zo, ƙaryar da na yi ce ta tare miki hanya, in na cire ta hanya za ta buɗe. Jiya da na dangwala yatsan nan na ji kamar an sauke mini buhu.

Kubra: Da ka tambaye ni, Baba. Kira ɗaya.

Baba: Da na tambaye ki, sai na faɗa miki ta wace ce. Shi na kasa.

Kubra: Inna ta sani?

Baba: Ta san na je. Tun sahe take gaya wa mata an gyara. Tsaya, matar nan ta cikin waya ta yi magana, ta ce saura minti ɗaya. Faɗa mini abu guda, da Hausa, ban da faransanci. In mai sunan nan tana raye, mi kike da shi?

Kubra: Bak. Burs ya riga ya tahi, ko ta yaya.

Baba: In ta mutu fa?

Kubra: Ba ni da komi.

Baba: To. Gobe da asuba zan koma Mayahi.

Kubra: Ka yi mi?

Baba: In ce ƙarya na yi. In ce tsufa ne ya ruɗa ni, ɗiya ɗaya gare ni, Mariama, ba ta taɓa mutuwa ba, ga ta can Tasawa.

Kubra: Liman ya dangwala yatsa. Kawu ya dangwala. Ba za su bi ka ba.

Baba: Ba sai sun bi ni ba.

Kubra: Gaban alƙali za su kai ka. Za su aza maka Alƙur'ani, Baba.

Baba: Na sani.

Kubra: Kai da ko a kasuwa ba ka rantsuwa? Ka rantse ba ka binne ta ba? Kuma in sunka gane, kaso ne.

Baba: Ita ba abin da zai same ta inda take. Ke ce a waje.

Kubra: Ban yarda ba. Ka ji ni? Kar ka tahi. Ka jira in zo, zan shigo motar sahe, mu zauna da Kawu mu…

Baba: Kin ce mi? Ba ni jin ki.

Kubra: Kana ji na, Baba. Na ce kar ka…

Baba: Ki gai da gwaggonki.

Kubra: Baba. Alo? Baba?