Bindiga Ana Gadonta, Izini Ba a Gado

A tashar Matameye muke jiran motar Damagaram ta cika. Na rufe ido kamar mai gyangyaɗi, kunnena kuwa yana wajen wasu maza biyu da ba su san juna ba.

"Malam, takardar mece ce kake ta shafawa?"

"Izinin bindigar mahaifina ne. Ya rasu, ta faɗo rabona. An ce sai na nemi nawa izinin da sunana."

"Allah ya jiƙansa. Kai ne babba?"

"Ni ne."

"Gidanku akwai adalci. Shekara ashirin ina bin tsohonmu farauta, ni ke ɗaukar masa jakar albarushi. Da ya rasu aka ba ƙanena Munkaila bindigarsa, wanda ko zabo bai taɓa harbi ba. Ni ban damu ba fa."

"Ya canza takarda?"

"Ina fa. Wanda bai canza ba, me ake yi masa?"

"Jandarma su karɓe bindigar. Kai ma ba za ka samu ba."

"Wa ya ce ina so?" Ya miƙe yana kaɗe riga, ya juyo gare ni. "Inna, riƙe mini wurina, zan gai da wani abokina a jandarmeri."